Ɗigo a Ƙofar Mai Gari

A wurin aikinmu kowane gari ɗigo ne. Ko Daura da girmanta, da Kusugu da kasuwa da tasha, in ka ja taswirar baya sai ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero. Aikina ke nan a wancan lokacin. Ina zaune gaban kwamfuta a wani gida da aka kama mana haya a bayan tasha, ina jera ɗigo, ina shafa wa kowanne launi gwargwadon yawan mutanensa. Gari mai jama'a da yawa ja wur, mai dama-dama ruwan goro, wanda bai taka kara ya karya ba ruwan ɗorawa. In na gama sai in shimfiɗa taswirar hanyoyi a kai, in ɗora ta rafuka da ƙoramu, sannan manhajar ta duba ta nuna mana wane jan ɗigo ne ba shi da hanya.

Shiri ne na hanyoyin karkara. An kawo shi ƙasar Daura 'yan shekaru bayan ƙaddamar da shari'a, lokacin da ba ka buɗe rediyo ba ka ji kalmar adalci ba. Aka ce an daina yin titi don wane ya san wane. Yanzu taswira ce za ta yi magana: inda jama'a suke, nan hanya za ta je, in kuma layin ya ci karo da ruwa sai a yi gada. Na yarda da wannan magana har cikin raina, don ni akwai gadar da nake jira tun ban san haruffa ba.

Sunana Harisu, ɗan Rijiyar Marke. Garin namu biyu ne amma sunansa ɗaya. Tsohon gari yana wannan ɓangaren na ƙorama, ba nisa da babban titi. Tun zamanin kakanninmu ƙasar wurin ta gaji, rairayi ya cinye gonaki, rijiyar da garin ya ci sunanta ta koma ba da laka. Sai mutane suka fara ƙetarawa hayin ƙorama inda fadama take, gida bayan gida. Yau kasuwa tana Hayi, firamare tana Hayi, injin niƙa da masu shayi da duk wani mai jini a jika suna Hayi. Abin da ya rage a tsohon gari shi ne mai gari, Baffa Maliki, yayan mahaifina, da wasu tsirarun gidaje na tsofaffi da awakinsu.

Amma ka tare ɗan Hayi a kasuwar Mai'aduwa ka tambaye shi daga ina yake. Rijiyar Marke zai ce maka, ko a can aka yanke cibiyarsa da ta ubansa. A bakinsu Hayi ba gari ba ne, gona ce kawai da kwana ya kama su a cikinta.

Ƙoramar kuwa munafuka ce. Da rani rairayi ne fari, yara suna ƙwallo a cikinta. Da damina, in aka yi ruwa can arewa wajen iyaka, sai ta taso ja kamar kunun kanwa, ta cika baki da baki, ta yi kwanaki ba ta sauka ba. Ba babur, ba amalanke, ba jaki. Mahaifiyata, Iya, tana da ciwon zuciya. Ƙafafunta kan kumbura har zobe ba ya fita daga yatsa, numfashi ya riƙa yi mata gardama. Likita a Daura ya ce a riƙa kawo ta duk wata, in kuma numfashin ya sarƙe a kawo ta a take, kada a tsaya jiƙa komai. Da rani muna iyawa. Da damina sai dai mu riƙa kallon sama.

Ranar da masu fita daji suka dawo da bayanan yankinmu, ni na loda su da hannuna. Su ne suke zagaya garuruwa da na'urar jifiyes, wadda in ka tsaya a wuri ka danna sai ta ɗauki daidai inda kake a doron ƙasa, su kuma ƙidaya gidaje. Na ga Rijiyar Marke ta fito ja wur, ta fi duk maƙwabtanta. Na yi hamdala a fili har na kusa da ni ya waigo. Sannan na ɗora taswirar ruwa, na ce wa manhajar ta ja hanya.

Layin ya taso daga babban titi, ya miƙe sambal, ya zo ya tsaya a kan ɗigon. Shuɗin zaren ƙorama yana can bayansa, bai ko taɓa shi ba. Duk jama'ar Hayi, da kasuwarsu da jariransu da Iya, an tattara su an jibge a ƙofar gidan Baffa Maliki.

Na je na sami Hussaini, shi ne ya jagoranci masu fitar. Yana cin gyaɗa a bakin ƙofa, ya ce in kwantar da hankalina, ba su yi kuskure ba.

"Mu fa Hayin muka fara zuwa," in ji shi. "Ranar kasuwa ce ma. Mun gama ƙirga gidaje, na tsaya tsakiyar kasuwa zan danna, sai ga wani dattijo ya riƙe mini hannu. Ya ce haba ɗan samari, baƙo ba ya fara aiki bai gai da mai gari ba, kuma nan ba gari ba ne. Suka sa mu a gaba, suka ƙetarar da mu rairayin nan, aka kai mu ƙofar mai gari, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Na tambaye su har sau nawa, ina ne Rijiyar Marke? Suka haɗa baki suka ce nan ne. To ni me zan yi? Na danna."

"Dattijon, yaya yake?"

"Dogo, siriri, yana ɗan ɗingishi. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai ladabi irinsa ba. Da za mu tafi shi ya juya mana takalmanmu."

Nan take na gane shi. Malam Ɗantsoho ke nan, mahaifina. Sa ne ya taka shi tun yana saurayi.

Na shiga wurin shugabanmu, Malam Yazid, mutum mai tabon salla da tsoron takarda. Na buɗe masa hoton tauraron ɗan'adam, na nuna masa rufin kwano birjik a Hayi, na nuna masa tsohon gari da kangaye. Ya gyara tabarau ya duba da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

"Na gani, Harisu," ya ce. "Makaho ma zai gani. Amma ƙa'idar shirin nan ita ce, gari yana inda mai gari da mutanensa suka shaida. An yi haka ne don kada irinmu mu zauna a ofis mu riƙa jan hanya zuwa gidajen surukanmu. In ka matsar da ɗigon nan ba da yawunsu ba, ka canza shaida. A wannan zamani da muke ciki ni ba zan sa hannu a shaidar zur ba."

"Ranka ya daɗe, shaidar ce zur ɗin."

"To je ka ka sa su gyara ta. Ga na'ura, ka tafi da ita ranar Juma'a. Mai gari ya yarda, dattawa su tsaya, ka danna a Hayi, ni kuma in karɓa da hannu biyu."

Na fita ina ganin abin mai sauƙi ne. Wa zai ƙi gada?

Na sami Baba a rumfar ƙofar gida yana tufka igiyar shanu. Na durƙusa na gaishe shi, na bari ya gama tambayar mutanen Daura ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗauko tsinke na zana masa abin a ƙasa. Ga titi, ga ƙorama, ga inda aka danna, ga inda ya kamata a danna. Na ce masa in aka bar shi haka, hanya za ta zo ta tsaya a ƙofar Baffa, mu kuma muna nan inda muke. Ya saurare ni har ƙarshe, hannunsa bai daina tufka ba.

"Wato so kake a rubuta a takardar gwamnati cewa gari ya tashi daga ƙofar yayana."

"Baba, ba wanda ya ce gari ya tashi. Ɗigo ne kawai, alama ce ta inda mutane suke kwana."

"Alamar ita ce maganar ai. Yau a ce ɗigo, gobe a ce tunda ɗigo yana Hayi a naɗa mai gari a Hayi. Wa za a kalla? Ni za a kalla. A ce Ɗantsoho ya tura ɗansa boko, ya dawo ya sace garin da na'ura, yayansa yana raye ido ya mutu. Ka san tun da muka ƙetaro nan ba a taɓa yanka ragon suna ba sai an aika masa da ƙafa? Ba a taɓa ganin wata an sha ruwa ba sai an ji daga bakinsa?"

"Iya fa, Baba?"

A nan hannunsa ya tsaya. Ya dube ni irin kallon da yake yi mini in na yi magana da abinci a baki ina yaro.

"Kai ka fi ni sanin ciwon uwarka? Ni nake kwana ina jin numfashinta. Rai a hannun Allah yake, Harisu. In mai gari ya ce a kawo ɗigon nan Hayi, ni zan fara riƙe maka na'urar. Amma da bakina ba zan roƙa ba."

Na shiga cikin gida raina a ɓace. Iya tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ƙanwata Murja tana matsa mata su. Ta ji komai, katangar zana ce.

"Kai da ubanka kamar zakaru biyu a akurki ɗaya," ta ce tana dariya, dariyar tana yanke mata numfashi. "Ka bar shi. Tun da na aure shi ko tuwo aka ƙona sai ya ce a tambayi Yaya."

Ta sa Murja ta kawo mini dambu. Sai da na kusa cinyewa ta rage murya, ta tambaye ni kamar ba da gangan ba.

"Ita gadar, mota za ta iya hawa? Ko ta ƙafa ce?"

Na ce mata har babbar mota. Ta gyaɗa kai, ta ce a'a, lallai abu ya yi kyau, sannan ta koma zancen auren wata jikar ƙawarta.

Washegari na ƙetara wurin Baffa Maliki. Yana zaune a zaure a kan buzu, idanunsa fari fat, ya gane ni da sallamata. Ya riƙe hannuna bai saki ba har na gama bayani. Na yi zaton zai yi faɗa, na ma shirya amsoshi. Bai yi ba.

"Ɗana, ni ban hana ba," ya ce. "Gada alheri ce. Ni kaina ina jin kukan ruwan nan daga nan, ina tuna mutanena suna can. In Ɗantsoho da dattawan Hayi suka zo suka ce mini suna son a mayar da alamar can, wallahi ba zan ce uffan ba."

"Baffa, su kuma sun ce sai kai ka faɗa."

Ya yi murmushi, ya shafa bayan hannuna.

"To ka ji. Ni kuma yaya zan buɗe baki in ce na sallami mutanena, su je can su zama garin kansu? Sai a ce na gaji da su. Ubanmu bai bar mana haka ba."

Na yi ta safa da marwa tsakanin tsofaffin nan biyu har rana ta yi sanyi, rairayi ya cika mini takalmi. Kowanne ya yarda gada alheri ce. Kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Na roƙi su zauna wuri ɗaya su faɗa tare, Baba ya ce shi ba ya zama a tabarma ɗaya da yayansa, balle ya haɗa baki da shi. Liman ya ce maganar ta 'yan gida ce. Sauran dattawan suka ce duk abin da Malam Ɗantsoho ya gani shi ne daidai. Da a ce akwai mugu a cikinsu da na ji sauƙi, da na san wanda zan tsana. Na koma Daura da na'urar a aljihu ban danna ta ba.

Ranar Litinin na zauna gaban kwamfuta na daɗe ina kallon jan ɗigon. Sannan na ɗora linzamin kwamfutar a kansa, na danne, na ja shi ya ƙetare shuɗin zaren, na sake shi a tsakiyar kasuwar Hayi. Abin da ya gagari garinmu tun kafin a haife ni bai kai tsawon atishawa ba. Na sa manhajar ta sake jan hanya. Layin ya wuce ƙofar Baffa, ya hau kan ƙorama, wata 'yar alama mai kama da tsani ta fito a wurin. Gada ke nan. Ban ji na yi laifi ba a ranar, yau ma ban ji ba. Inda mutane suke na kai su.

Malam Yazid ya zo wucewa ta bayana, ya tsaya, ya dubi allon. Na ji numfashinsa a ƙeyata. Ya gyara tabarau, ya ce fankar ɗakin nan tana bukatar gyara, ya wuce.

Saura mataki ɗaya. Kafin a aika da taswira sama, sai an buga ta babba an kai gaban hakimi, an tara masu gari, kowa ya tabbatar da nasa. Na san da wannan, amma na yi lissafina. Baffa ba ya gani. Sauran masu garin kowa ta kansa yake yi. Baba kuwa ko sunansa ba ya karantawa da boko, kuma ban taɓa jin ya yi magana a gaban manya ba a tambaye shi ba.

Aka yi taron da hantsi a rumfar ƙofar hakimi. Muka kafe taswirar a jikin allo, ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa, ta yi kyau har mutane suna miƙa wuya. Baba ne ya jawo Baffa da sanda, ya zaunar da shi, shi kuma ya koma bayansa ya tsuguna a ƙasa. Malam Yazid yana kiran gari, mai garin ya taso a nuna masa, ya ce ya shaida. Wasu ko kallon allon ba sa yi.

"Rijiyar Marke," in ji Malam Yazid. "Hanya da gada."

Aka ɗan yi guna-guni na sha'awa, don ba kowa ya sami gada ba. Hakimi ya dubi Baffa.

"Mai gari, ka shaida nan ne garinka?"

"Allah ya ja zamaninka, idona ya tafi," Baffa ya ce. "Ɗantsoho, duba mini."

Baba ya tashi da ɗingishinsa ya zo gaban allon. Ni ne a tsaye a gefe riƙe da sandar nuni. Bai kalle ni ba. Ya tambayi Malam Yazid ina ne gabas, aka nuna masa. Ya tambaya wannan baƙin layin shi ne babban titi, aka ce shi ne. Ya sa yatsa a kan shuɗin zaren, ya bi shi a hankali kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya, ya zo kan 'yar alamar tsani, ya tsaya. A nan na gane wautata. Da tsinke na koya masa karatun taswira a ƙofar gidansa.

Ya daɗe a wurin. A zuciyata ina cewa Baba ka yi shiru kawai, ba a ce ka yi ƙarya ba, ka ce ka gani, ka koma ka zauna. Na tabbata ya ji ni, don yatsan nasa bai bar kan gadar ba.

Sai ya juya, ya durƙusa a gaban hakimi.

"Allah ya ja zamaninka, akwai gyara. Wannan jan da aka sa, a gonakinmu aka sa shi. Gari yana ƙetaren nan, ƙofar mai gari. Yaron da ya zana ɗana ne, a yi masa afuwa, ƙuruciya ce."

Wani daga baya ya yi kabbara, saura suka amsa. Hakimi ya ce rabon da ya ga gaskiya irin wannan har ya manta, mutum a ba shi gada ya ce ba a nan take ba. Ya ce da irin su Malam Ɗantsoho sun yi yawa da alƙalai sun huta. Baffa Maliki yana share hawaye da hannun riga yana sa wa ƙanensa albarka. Kowa a rumfar nan ya tashi da farin ciki. Ni kaɗai nake tsaye da sanda kamar mai gadin gona.

Na tare shi a waje yana kwance igiyar jakin da ya kawo Baffa.

"Baba, me ka yi ke nan?"

"So kake in tsaya gaban hakimi, yayana ya ce in zama idonsa, in gaya masa abin da ba shi ba?"

"Mutanen a can suke, Baba! Kai ma a can kake kwana!"

"Mutane suna can," ya ce, "gari yana nan." Ya ɗaga Baffa ya ɗora a kan jakin, ya gyara masa riga. Da zai tafi ya ce in na sami hali in aiko wa uwata da maganinta, ya kusa ƙarewa.

Malam Yazid bai kai ni gaba ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce in mayar da abin inda na same shi. Ni na kama ɗigon na ƙetaro da shi, ni na sa manhajar ta sake jan layi, na ga 'yar alamar tsanin ta ɓace. Ni na buga taswirar ƙarshe, na naɗe ta, na sa a kwali. A rahoton da aka aika sama, an yabi Rijiyar Marke a matsayin misali: jama'a masu yawa, hanya gajera, ba a bukatar gada.

Da rani ya zagayo aka yi hanyar. Ba zan ɓata ta ba, hanya ce mai kyau, jan burji an daddaɓe shi sosai, da magudanan ruwa a gefe. Ta taso daga babban titi ta zo ta ƙare daidai bakin zauren Baffa. Mutanen Hayi suka ƙetaro rairayi da ƙafa, da sababbin kaya, suka yi ta murna an yi wa garinsu hanya. Baba ya yanka rago. Ni ban je ba, na ce aiki ya riƙe ni. Bayan kwana biyu awakin tsohon gari suka gano burjin yana da ɗumi, suka mayar da shi wurin kwanciya.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Wata safiya ina shirin fita ofis wayata ta yi ƙara. Murja ce, tana haki, ta hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis. Ta ce numfashin Iya ya sarƙe tun asuba, leɓunanta sun canza launi, an ɗora ta a amalanke za a gangaro bakin ƙorama. Ta ce in zo da mota.

Na ɗauki shatar mota a tasha. Direban dattijo ne, da ya ji abin da ake ciki bai tsaya ciniki ba. Muka hau sabuwar hanya, motar tana tafiya kamar a kan tabarma, ko gargada babu. Yana ta yaba aikin, yana cewa rabon da ya ga hanyar ƙauye irin wannan ya daɗe. Ban taɓa isa gida da sauri kamar ranar ba.

Tun daga ƙofar Baffa nake jin kukan ruwan. Na sauka da gudu na gangara. Ƙorama ta cika ta batse, ja, tana tafe da karan dawa da rassan itace, har da mushen tunkiya. A ɗaya gaɓar ga amalanken, ga shanun Baba biyu sun kafe ƙafa sun ƙi ko kallon ruwan. Ga mata sun kama zani ta kusurwa huɗu sun yi wa Iya inuwa. Ina iya ganin ƙafafunta. Tsakanina da ita bai fi jifan dutse ba.

Na tuɓe riga zan faɗa, tsofaffin wurin suka rirriƙe ni. Suka ce ko na kai, me zan yi, a kai zan ɗauko ta? Samarin Hayi sun riga sun gwada da igiya, ruwan ya kusa tafiya da ɗaya. Na gwada wayar Murja, ba sabis a kwarin. Sai na tsaya, su ma suka tsaya, muna kallon juna. Wani ya kafa kara a bakin ruwa don a ga ko yana sauka. Karan ya nutse.

Baffa Maliki ya aiko mini da tabarma da ƙwaryar fura, ya ce a ce mini in zauna a inuwa, baƙo ba ya tsayuwa a rana a garinsa. Na dubi furar nan, na ji kamar in yi jifa da ita cikin ruwan. Na ajiye ta a ƙasa, ƙudaje suka same ta.

Aka yi kiran azahar a Hayi, muna ji daga nan. Ban motsa ba. Direban ya yi sallarsa a gefen mota, ya dawo ya tsaya kusa da ni. Can sai na ga matan sun matso da juna. Zanin da suka ɗaga sama ya fara saukowa a hankali, suka shimfiɗa shi a kan amalanken, suka ja shi har ya rufe ƙafafun. Murja ta zauna a cikin laka ta ɗora hannu a ka.

Baba ya rabu da su. Ya taho da ɗingishinsa har ruwa ya taɓa masa idon sawu, ya tsaya yana kallona. Ya buɗe baki ya yi magana, ruwan ya cinye ta. Sai ya haɗa tafin hannunsa biyu a baki, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba tun da aka haife ni, ya ƙwala da duk ƙarfinsa.

"Harisu! Sallami mai motar!"

Direban ya ji da kunnensa. Ya yi salati a hankali, ya dafa kafaɗata, ya hau tudu ya shiga motarsa. Ina jin ya tayar da ita a ƙofar Baffa. Hanyar tana da faɗi, ko baya bai ja ba ya juya.